Haƙorin Makka na Goggo

Ranar da jirgin alhazai ya sauke Goggo a Yola an kwana biyu ana ruwa. Na tuna, saboda takalmina ya cika da taɓo tun kafin in kai bakin titi, kuma a filin jirgi na koma gefe ina goge shi da ganye don kada ta gan ni a haka.

Goggo yayar mahaifina ce. Ita ta riƙe ni tun shekarar da muka gudo daga Mubi, ina 'yar shekara goma sha ɗaya. Mahaifiyata ta rasu tun ban yi wayo ba. Mahaifina ne ya ɗora ni a bayan wata a-kori-kura tare da matan maƙwabta, ya ce zai biyo mu da yamma. Bai biyo mu ba, har yau. Goggo ta tsince ni cikin mutane a harabar wata makaranta a Jimeta, ta kama hannuna, ba ta tambaye ni komai ba, ta kai ni gidanta a Jambutu. Tun daga nan mu biyu ne a gidan. Mijinta ya daɗe da rasuwa. Ɗanta guda ɗaya, wanda nake kira Hamma, yana aiki a Abuja, shi ne ma ya kai ta Makka.

Ina faɗin wannan ne don a san matsayin Goggo a wurina. Ba ni da wata.

Ta fito tana jan jaka, ta rame, ta yi duhu. Da ta hango ni ta yi murmushi, sai na ga wani abu ya haska a bakinta. Haƙorin Makka ne, na zinariya, a sama, ɓangaren hagu. Goggon da ta sha cewa wannan abin yara ne.

Na ce, “Goggo, ke da kika ce ba za ki sa ba?”

Ta ce, “Rufe min baki, ɓingel.” Haka take kirana da Fillanci, wato yarinya, ko da yake na haura ashirin. “Duk matan ɗakinmu sun sa. Ni kaɗai zan dawo kamar wadda ta je Garwa ta Kamaru sayen atamfa?”

A cikin keke ta ba ni labari. Saura kwana uku su baro Makka aka sa mata, a wani ɗan shago, mai shagon ya goge haƙorin da wani inji sannan ya manna zinariyar. Ta ce har yanzu yana ɗan yi mata tsami in ta sha ruwan sanyi.

A wajenmu idan Hajiya ta dawo gida ba ya rufuwa sai an yi mako. Na shimfiɗa tabarmi a rumfa, na zuba dabino a faranti, na jera ƙananan kofuna na zamzam. Mata suna shigowa ƙungiya-ƙungiya, a yi barka, a yi addu'a, a sha zamzam ana fuskantar gabas, sannan wata ta ce, “To Hajiya, buɗe mana Makka mu gani.” Goggo ta yi murmushi, a yi dariya, a ce Allah ya maimaita. Wadda ta fi kowa wannan tsiyar ita ce aminiyarta da ke zaune a Yolde Pate, wadda nake kira Dada. Kullum sai ta hau keke ta zo. Ita ta je Makka tun da daɗewa, nata haƙorin na azurfa ne, har ya dushe.

Takan ce, “Naki sabo ne, yi ta yashe mana baki. Bari ki shekara biyar mu gani, ke da gwangwanin madara ɗaya za ku zama.”

Goggo ta ce, “Hassada ce, ba komai ba.”

A rana ta uku zazzaɓi ya rufe ta. Na taɓa goshinta na janye hannu. Ta ce kanta yana sara ta bayan idanu, kamar ana turo su waje, ƙasusuwanta kuma kamar an daka su a turmi. Babu wanda ya damu. Wata ta ce gajiyar Makka ce, kowa yakan yi. Wata ta ce damina ce, zazzaɓin cizon sauro ne da muka saba. Na kira mai kemis ɗin layinmu, ya zo da jakarsa, bai ɗibi jini ba, ya yi mata allurar maleriya, ya ce zai dawo gobe da jibi. Da ta yi masa kukan ƙashi sai ya ba da wasu ƙwayoyi masu ƙarfi na ciwon jiki, ya ce safe da yamma. Ni nake ɓare su in miƙa mata da ruwa.

Duk da haka ba ta daina fitowa rumfa ba. Goggo mai fulako ce, ba ta nuna ciwo a gaban mutane. Da ta ji sallama za ta tashi, ta gyara mayafi, ta fito ta zauna a miƙe. A ce ta buɗe Makka, ta buɗe. Baƙi na fita ta rarrafa ta koma katifa. Na ce mata, “Goggo, bari in ce musu kina barci.” Ta ce, “Mutum ya biya kuɗin keke tun daga cikin garin Yola ya zo, ki ce masa ina barci? Ba a gidana ba.”

Kwana huɗu da fara zazzaɓin, da safe, na kawo mata buta da asuwakin da ta zo da shi daga can. Ta goge baki ta tofar a bakin magudana. Abin da ta tofar ja ne. Ta sake kurkurewa, ya sake fitowa ja. Kan asuwakin ma ya rine.

Na ce, “Goggo, jini.”

Ta dubi wurin, ta watsa ruwa a kai. Ta ce, “Haƙorin nan ne.”

Na durƙusa na ce ta buɗe in gani. Ta buɗe. Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai daga baya. Haƙorin yana sama, ɓangaren hagu, kuma gefensa lafiya lau, dasashin wurin ko kumbura bai yi ba. Jinin daga ƙasa yake tsattsafowa, daga tsakanin haƙoran gaba, har da na dama. Na gani. Idona biyu na gani.

Da Dada ta zo da hantsi na tare ta a zaure na gaya mata Goggo tana tofar da jini. Ta yi dariya ta dafa kafaɗata. Ta ce, “Ke ba ki san haƙorin Makka ba. Nawa sai da ya yi mako yana jini. Dafa mata ruwa ki sa gishiri.” Akwai wasu Hajiyoyi biyu a rumfa, ta ba su labari, duka suka ce haka ne. Ɗaya ta ce nata har fuska sai da ta kumbura. Ɗaya ta ce masu sa haƙorin nan gaggawa suke yi, layi ya yi musu yawa. Aka koma hirar layin, da tsadar zinariya, da wadda nata ya fita a cikin tuwo ta haɗiye.

Ina tsaye riƙe da farantin dabino. Maganar tana bakina, cewa ba daga haƙorin ba ne, daga ƙasa ne. Ban faɗa ba. Na sha tambayar kaina dalili. Hajiyoyi uku ne, kowacce ta haife ni, kowacce da haƙorin a bakinta, ni ko Gombe ban taɓa wucewa ba. Wannan ɗaya ke nan. Amma gaskiyar ita ce ni ma so nake ya zama haƙorin ne. Tun ina yarinya na koyi cewa in na ga abin tsoro, in na yi shiru na runtse ido, wani lokaci yakan wuce ta gefena. Na je na dafa ruwan gishiri.

Washegari zazzaɓin ya sauka. Na taɓa goshinta da asuba na ji sanyi, har na yi hamdala a fili. Mai kemis ya ce ai ya faɗa. Dada ta ce to tunda an samu lafiya gobe za a yi walimar dawowarta da aka ɗaga saboda zazzaɓin, ta kira mata biyu suka zo muka gyara shinkafa. Na kira Hamma na ce masa Goggo ta warke.

Ranar walimar tun safe take cewa cikinta yana ciwo, nan sama, ƙasan haƙarƙari. Ta yi amai sau biyu a bayan ɗaki, ta ce kada in faɗa. Ta kasa zama wuri ɗaya, ta kwanta ta tashi, ta ce in buɗe taga, ta ce in rufe. Da nake ɗaura mata ɗankwali na riƙe hannunta, sanyi ƙalau, da ɗan danshi. Na ce a raina, ai zazzaɓi ne ya tafi. A damtsenta akwai wasu ƙananan jajayen ɗigo kamar an watsa barkono. Na ja hannun riga na rufe.

Ta zauna a rumfa tun daga azahar. Gida ya cika. Aka kira la'asar, ta dafa bango za ta miƙe, sai jini ya ɓalle mata ta hanci, ya sauko kan farin mayafin. Ta dube ni, ba ta dubi kowa ba sai ni, sannan ƙafafunta suka lanƙwashe.

Ban san wanda ya tsayar da keke ba. Na dai san kanta yana kan cinyata, Dada tana gefe tana salati, mai keken yana kauce wa ramukan ruwa. Na riƙe mayafin a hancinta har muka isa asibiti.

Likitar mace ce, ba ta da yawan magana. Bayan an sa wa Goggo ƙarin ruwa an ɗibi jini, ta kira ni gefe. Ta tambayi ranar da zazzaɓin ya fara da ranar da ya sauka. Ta ce in nuna mata magungunan, na ciro kwalin daga jakata, ta dube shi ta ajiye a aljihunta. Sannan ta ce, “Ta yi tafiya kwanan nan? Wajen ƙasa?”

Na ce, “A'a.” Sai kuma na ce, “Makka dai ta je.”

Ta ɗago ta dube ni. Wallahi har ga Allah a lokacin ban ɗauki Makka a matsayin irin tafiyar da take nufi ba. Wa zai kawo wa ransa cewa daga can za a zo da ciwo? Daga can dabino ake kawowa, da zamzam, da carbi.

Da sakamako ya fito washegari ta gaya mini sunan abin. Dengi. Ban taɓa ji ba. Ta ce sauro ne yake kawo shi, amma ba maleriya ba ne, allurar maleriya ba ta taɓa shi. Wani sauro ne baƙi mai zanen fari a ƙafafu, da rana yake cizo, a ruwa mai tsabta yake haihuwa. Ta ce ba za ta rantse a kan inda ya ciji Goggo ba, amma in aka lissafa kwanakin, tun kafin ta hau jirgi abin yake jikinta. Ta ce ranar da zazzaɓin ya sauka, ranar da muka yi murna, ita ce ranar da ya kamata mu fi jin tsoro. Ƙwayoyin ciwon jikin kuma sun ƙara tsinka jinin.

A lokacin Hamma ya iso daga Abuja, yana tsaye a bayana da jakarsa a kafaɗa. Likitar ta ce, “Yaushe kuka fara ganin jini?”

Na ce, “Kwana biyu kafin ta faɗi. A baki.”

“Me ya hana ku zuwa?”

“Mun ce haƙorin ne.”

Ta ce, “Na duba bakin. Haƙorin a sama yake.”

Na ce, “Na sani.” Ban yi niyyar faɗa ba, fitowa ya yi. “Na duba a ranar. Na ga daga ƙasa ne.”

Likitar ta ci gaba da rubutu. Sai da muka fito baranda Hamma ya ajiye jakarsa a ƙasa. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga.

Ya ce, “Su Dada ban ga laifinsu ba, ba su je makaranta ba. Ke kin gama sakandare. Ke na bar wa ita. Kika kira ni kika ce ta warke.”

Na ce, “Ka yi haƙuri, Hamma.”

Ya ce, “Je ki kawo mata kayan sawa.”

Kwana uku na farko ba mu san inda za ta faɗa ba. An yi mata ƙarin jini, Hamma ne ya bayar. Kullum da safe a ɗibi nata a kai gwaji, mu zauna a benci muna jiran fuskar likita. An rufe gadonta da gidan sauro ko da rana tsaka. Na tambayi wata nas dalili, ta ce ba don Goggo ba ne kaɗai, don sauran mutane ne. Mu ma muna da irin wannan sauron a nan, in ya cije ta ya ciji wani, shi ke nan ya raba. Sai na tuna duk kwanakin da ta yi a rumfa, ƙafafunta a waje, mata zagaye da ita, ni ina gefenta.

Ni nake komawa gida da rana in dafa mata kunu da romo. Maganar ta riga ni isa unguwa, kuma ta canza a hanya. An ce Hajiya ta zo da wata cuta daga waje, mai sa jini ya fito ta ko'ina, ana ɗauka. Mutane ba su manta da lokacin korona ba. Matan da suka sha zamzam a kofunanmu suka daina bi ta ƙofarmu. Mai kayan miya ta ce in ajiye kuɗin a kan tebur, ta turo min tumatirin da bakin faranti. Na ce mata, “Ba a ɗauka a hannu, sauro ne.” Ta ce, “To, Allah ya sawwaƙe,” ta juya tana gyara albasa. Dada ta zo asibiti sau ɗaya, ta tsaya a bakin ƙofa ta yi kuka, ba ta iya haɗa ido da Hamma ba, ba ta sake dawowa ba.

Gidan yana nan yadda muka bar shi ranar walima. Tabarmi a shimfiɗe, tukunyar shinkafa ta yi tsami, tururuwa sun cika farantin dabino. Likitar ta ce in kifar da duk wani abu mai riƙe ruwa. Na fara da randa. Da na leƙa da kyau na ga ƙananan tsutsotsi suna wutsil-wutsil a ciki, a ruwan da muke sha. Na zubar, na wanke da soso. Na zubar da durom ɗin da muke tarar ruwan sama, na kifar da gwangwanayen da Goggo take shuka na'ana'a, na mirgina tsohuwar tayar da ke bayan bayi. Da na gama tsakar gidan ya zama taɓo, ni kaɗai a tsaye a ciki, babu wanda ya leƙo ya ce sannu.

Mako biyu na yi ina jiran nawa zazzaɓin. Kaina ya ɗan sara, in zauna in ƙirga kwanaki. In tofar da yawu a tafin hannu in duba. Ban gaya wa Hamma ba, me zan ce masa? Zazzaɓin bai zo ba. A unguwar ma ban ji wanda ya kwanta ba, ko kuwa an kwanta an ce maleriya ce, Allah ne masani.

A rana ta huɗu a asibiti Goggo ta buɗe ido sosai ta ce tana son shayi. Na fita baranda na zauna a ƙasa na yi kuka har wata mai shara ta tsaya a kaina tana ba ni haƙuri, ta ɗauka rasuwa aka yi. Kwana tara muka yi aka sallame ta. Kafin mu fito likitar ta ce ciwon nan iri-iri ne, wanda ya taɓa yi in wani irin ya sake kama shi, na biyun yakan fi muni. A gaban Hamma ta faɗa.

Bai bari ta kwana biyu a gida ba. Ya ce zai tafi da ita Abuja ta huta, can akwai asibiti kusa, matarsa tana gida. Na tsaya ina jiran ya ce in haɗa nawa kayan. Ya ce, “Ke ki zauna ki kula da gida. Ba a barin gida ba kowa. Can ɗin ma ɗaki biyu ne, ga yara.” Goggo tana zaune a bakin gado, ba ta da ƙarfin ɗaga buta ma. Ta dube shi ta ce, “Yarinyar fa?” Ya ce, “Ai ba yarinya ba ce.” Ba ta ƙara ba. Ɗanta ne, shi ya ba ta jini.

Ni na haɗa mata jaka. Da motar ta zo na riƙe ta har kujera, na gyara mata mayafi. Ta riƙe yatsuna biyu na hannuna, ba ta sake su ba sai da direba ya ja ƙofa.

Wata huɗu ke nan. Damina ta wuce, maƙwabta sun dawo suna amsa gaisuwata, wasu har suna tambayar jikin Hajiya. Hamma yana turo abin cefane, ba ya fashi, amma saƙo kawai yake turowa, ba ya kira. Ina sa safa da doguwar riga ko da ana zafin Yola. In na kashe sauro sai na ɗauke shi na kai haske na duba ƙafafunsa. Na san ba daidai ba ne mutum ya zauna haka, amma ban san yadda zan daina ba.

Goggo takan kira ni ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, lokacin Hamma bai dawo ba. Muryarta ta dawo. Takan tambayi unguwa, wa ya haihu, wa ya yi aure, ko Dada ta leƙo. In ce ba ta leƙo ba. Juma'ar da ta wuce na yi ƙarfin hali na ce, “Goggo, yaushe za ki dawo?”

Ina jin ƙarar talabijin a bayanta, da muryar jikokinta.

Ta ce, “Bari jikina ya ƙara ƙarfi, ɓingel. Sai mu ji abin da Hammanki zai ce.”

Na ce to. Ta tambaye ni ko na ci abinci, na ce na ci.